Wasan Ƙarshe na Baba Katanga

Firijin gidan burodi ne ya haɗa ni da Baba Katanga. An kira ni wata rana da la'asar, aka ce injin ya daina sanyi, bota tana narkewa. Na ɗauki jakar kayan aikina na tafi ina ƙunƙuni, don a wancan lokacin babu abin da ba ya ba ni haushi. Matata ba ta daɗe da rasuwa ba, yaranmu suna wajen ƙanwarta, ni kuwa gida ya zame mini wurin da nake tsoron komawa. Aikin da zan gama nan da nan sai in yi ta jan sa, in kwance abin da bai lalace ba in sake ɗaurawa, don kawai kada in isa ɗaki da sauran rana.

Firijin yana ɗakin baya, tsakanin buhunan fulawa da tanderun da ya fara hucewa. A nan na iske wani dattijo gajere mai kauri, hannayensa duk tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, yana zaune a kan bokitin da aka kife. Ya ɗora wani allo mai gidaje fari da baƙi a kan buhu, ya ƙura masa ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Babu kowa a gabansa. Zai motsa fari, ya yi tsaki, ya zagayo ya motsa baƙi, ya gyaɗa kai.

Ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, "Mai firiji, ka iya wasan ces?"

Na ce, "Ban iya ba, Baba. Ba na kuma son in iya."

Ya ce, "Madalla. Waɗanda suka iya ai su suka ishe ni. In ka gama da wayoyin nan, jawo wancan bokitin."

Na jawo, ba don komai ba sai don ba ni da inda za ni. Ya nuna mini sarki da sarauniya, ya nuna mini doki mai tsalle, da giwa mai tafiya a karkace, wadda in ta fara a kan farin gida a kan fari za ta mutu, in a baƙi ta fara to sai baƙi. Ya nuna mini ƙananan sojojin da ke jere a gaba, masu tafiya gaba kawai ba sa waiwaye. Ranar ya ci ni har na daina ƙirgawa. Da na tashi tafiya sai na lura rana ta faɗi, kuma tunda na zauna ban tuna da baƙin cikina ba. Washegari na koma da sunan duba ko firijin yana sanyi. Yana sanyi ƙalau, shi ma Baba ya sani.

Tun yana saurayi yake aikin tanderu. Shi ke sa wuta, shi ke zura dogon katakon nan ya shigar da tire ya fitar, kuma da bayan hannunsa yake gane ko zafi ya yi daidai. Mai gidansa na farko ne ya koya masa ces, wani tsoho mai zafin rai da ke wasa da ma'aikatansa yayin da ake jiran kwaɓi ya tashi. Gidan burodin ya sauya hannu, an sauya injina, an sauya fentin ƙofa, Baba yana nan inda yake. Ya aurar da 'ya'ya da wannan aikin, ya sa autarsa a makaranta har ta zama nas. Matarsa kuwa ba ta taɓa shiri da allon nan ba. Akwai lokacin da ta ɓoye masa farin doki saboda ya manta an aike shi sayen magani, ya yi wata guda yana wasa da kwalbar gishiri a madadinsa, bai ce mata uffan ba, har ita ta gaji ta fito da shi.

Ana kiransa Katanga ne saboda yadda yake buɗe wasa. Masu wasan ces suna kiran motsin farko-farko buɗi, kuma kowa yana da nasa kala-kala. Wasu a ƙungiyarmu ta 'yan ces suna sauya buɗi kamar riga, duk wanda suka gani a waya jiya shi za su zo da shi yau. Baba kuwa guda ɗaya gare shi tun kafin a haifi yawancinmu. In yana da fari, sai ya jera sojoji huɗu a tsakiyar allo, duk a kan baƙaƙen gidaje, kowa yana riƙe da ɗan'uwansa, su tsaya kamar katanga. Sai ya ajiye giwarsa ta fararen gidaje a bayansu tana kallon ɓangaren da sarkinka zai ɓuya, ya dasa doki a gaba. Kai kana can kana jin daɗi kana ganin tsoho yana ɓata lokaci, kafin ka farga sarauniyarsa ta iso ƙofar sarkinka, sai dai ka miƙa hannu. Duk baƙon da ya zauna gabansa karo na farko, haka yake shan kashi.

Amma fa karo na farkon kawai. A nan ne Baba yake ba ni haushi, har yau in na tuna sai na girgiza kai. 'Yan ces suna da wata ɗabi'a, in an gama wasa sai wanda ya ci da wanda aka ci su mayar da kaya su sake bi tare, a ga inda aka yi kuskure. Yawancin mutane suna yi ne sama-sama, su nuna maka inda ka yi wauta, su ɓoye inda su suke da rauni. Baba akasin haka yake. Da ya ci ka, sai ya jawo kujera kusa, ya zayyana maka maganin katangarsa tsaf.

Haka ya yi mini a ɗakin nan na fulawa. Ya ce, "Duba nan, ɗana. Duk ƙarfina giwar nan ce ta fararen gidaje. Kada ka tura wannan sojan tukuna, in ka tura shi ka rufe wa taka giwar ƙofa. Fito da ita tun da wuri ta tare tawa, mu yi musaya. Ka ga? Yanzu me ya rage mini? Ɗaya giwar, ga ta can a bayan katanga, sojojina sun toshe ta, ko numfashi ba ta yi. Sannan ga rami nan a tsakiya, babu sojana da zai iya tsare shi. Kawo dokinka ka zaunar. Shi ke nan, ka gama da ni."

Na ce, "Baba, wa ya aike ka? Wannan ai kamar mutum ya nuna wa ɓarawo inda yake ajiye makulli ne."

Ya ce, "To in na ɓoye, da wa zan yi wasa? Da mutumin da zai riƙa faɗawa rami ɗaya kullum? Ai gara in ci gaba da yi da buhun fulawa."

Na ce, "To ka sauya buɗi mana."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Burodi iri ɗaya nake fitarwa tun ina saurayi, ba wanda ya taɓa dawo da shi."

Shi ya kai ni ƙungiya, a wani ɗaki na bayan laburare inda ake haɗuwa ran Asabar, mai fanka ɗaya da tebura masu rawa da ake tokare ƙafarsu da kwali. Akwai direba, akwai mai ɗaukar hoto, akwai wata mai sayar da magani da ke cin mu duka ba ta ko murmushi. Kusan kowa a ɗakin nan ta hannun Baba ya shigo, kuma kowa ya san maganin katanga. Da zarar ka yi musayar giwa ka zaunar da doki a ramin, sai Baba ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙo hannu ya ce, "An gane karatu!" Ya tattara kaya a sake sabo. Ko a gasa haka yake yi. Shi ya sa duk shekarun da ya yi yana shiga gasar masu sha'awa da ake yi shekara-shekara, bai taɓa komawa gida da komai ba sai gajiya. Ana ba mutum uku na farko kofi. Baba ya tafa wa ɗalibansa da yawa suna karɓa, kuma da gaske yake tafawa, amma na sha ganin yadda yake bin kofin da kallo in an wuce da shi ta gabansa.

Sai idonsa ya fara tafiya. Da farko ya ɗora wa fitilar laburare laifi, daga baya ya fara ɗaukar giwa a zaton soja ce. Autarsa, wadda muke kira Nas, ta kai shi wajen likita, aka ce irin ciwon da ba ya komawa baya ne, sai dai a rage masa gudu. Ya ajiye aikin tanderu. Da gasar shekarar ta zo ya ce mana wannan ce ta ƙarshe, ba zai zauna yana laluben kaya mutane suna tausaya masa ba.

A zauren wata makaranta aka yi ta, an jera tebura, kowane da allo da agogon nan mai fuska biyu da kake dannawa in ka motsa. A wannan shekarar Allah ya kawo baƙi da yawa daga wasu ƙungiyoyi, matasa masu jakar goyo da ba su taɓa jin labarin Baba ba. Suna ganin tsoho yana kai hancinsa har kan allo sai su gyara zama su yi murmushi. Ɗaya bayan ɗaya suka yi karo da katanga. Mai sayar da magani ce kaɗai ta ci shi. Da aka zo zagayen ƙarshe, alƙalin wasa ya tsaya ya karanta wanda zai kara da wani, sai na ji ya haɗa ni da Baba, shi da fari ni da baƙi. In ya ci, shi ne na uku. Kunnen doki ba zai ishe shi ba. Ni kuwa na riga na zubar da wasannina tun farko, ko na ci ko an ci ni babu abin da zan samu.

Na fita baranda in sha iska, sai ga Nas ta biyo ni, da kayan aikinta a jiki, daga asibiti ta wuto.

Ta ce, "Yaya, magana zan yi da kai, don Allah kada ka ce na yi rashin kunya."

Na ce, "Na san abin da za ki ce."

Ta ce, "To tunda ka sani. Me za ka yi da cin nan? Kai kana da shekara mai zuwa, shi ba shi da ita. Jiya har goge saman talabijin ya sa na yi, bai faɗi dalili ba, amma ai ni ba yarinya ba ce."

Na leƙa zauren na hango Baba a zaune. Mutumin nan shi ya tsamo ni lokacin da na rasa inda zan sa kaina. Bai taɓa yi mini wa'azi ba, bai taɓa tambayata yaya haƙuri sau biyu ba, bokiti kawai ya nuna mini. Da hankalina ya dawo har na ɗauko yarana muka koma gida, shi ya fara zuwa duba mu da burodi mai zafi a leda. In da kofin nan na sayarwa ne, da tuni na saya na kai masa. Na ce da Nas, "Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri," wanda ita ma ta san ba amsa ba ce.

Muka zauna. Muka yi musabaha, Baba ya laluba ya danna agogo. Ya tura sojan sarauniya, na tura nawa. Ya tura na biyu. Ga shi nan, tun wasa bai yi nisa ba an zo wurin. Hanya biyu ce a gabana. In tura ɗan sojan nan gida ɗaya in rufe wa giwata ƙofa, wanda motsi ne da babu wanda zai ce kuskure ne, rabin mutanen zauren nan haka za su yi. Ko kuma in fito da giwar kamar yadda aka koya mini. Na daɗe ina kallon allon, agogona yana ci, har direba da ke teburin kusa ya fara leƙowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk zauren nan za a iya ruɗarsu, ban da mutum ɗaya. Shi ya riƙe hannuna ya nuna mini motsin nan. In na tura soja, zai gane tun kafin in saki, kuma zai ɗauki kofin ya kai gida ya ajiye a kan talabijin yana sane da cewa sadaka ce. Ban ga yadda zan yi masa wannan ba.

Na ɗauki giwa na fito da ita.

Baba ya sunkuyo ya kai fuskarsa kusa, ya ga inda ta sauka. Na ji ya ja numfashi ta hanci. Ya kawo tasa giwar, muka yi musaya. Duk da haka ya ci gaba da jera katangarsa, soja bayan soja, kamar babu abin da ya faru. Na kawo dokina na zaunar a ramin tsakiya, ya zauna daram, babu mai korarsa. Can bakin ƙofa na hango Nas ta juya mini baya.

Sai na jingina da kujera ina jiran dariyar nan da hannun da aka saba miƙowa. Hannu bai zo ba. Baba ya dafe kumatunsa da hannayen nan masu tabo, sannan ya taɓa ɗaya giwar, wadda ya ce mini ko numfashi ba ta yi, ya matsar da ita gida ɗaya.

A nan ne ido ya raina fata. Na dubi allon na ga ban san abin da ake yi daga nan ba. Duk shekarun nan a daidai wannan wurin ake tashi. Mun haddace yadda ake kai doki rami, babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar me dokin zai yi in ya isa. Ga shi nan a tsakiya, kyakkyawa, ya ƙi gaba ya ƙi baya, kamar sabon firiji a gidan da babu wuta. Na motsa wani abu a ɓangaren sarauniya don dai in motsa. Baba ya ja da giwar nan baya, har layin ƙarshe. Na ce a raina tsoho ya ruɗe. Ashe zagaye take yi ta bayan katanga, a hankali, kamar mai fita ta ƙofar baya don kada ya tashi masu barci. Motsi na gaba sai ga ta ta ɓullo a gefen allo, a fili, tana kallon sarauniyata.

Wallahi daga nan na manta da tausayi, na manta da Nas, na manta da ido. Zuciyata ta hau, na ce yau sai na ga bayan tsohon nan. Na yi ta lissafi har zufa ta jiƙa mini riga. Dokinsa da ya dasa kusa da sarkina ya dame ni, na tura soja in kore shi. Sojan nan kuwa shi ne mai gadin ƙofar sarki. Baba bai janye dokin ba. Ya bar mini shi, ya kawo sarauniya. Na ci dokin, ina ci na ga abin da na yi. Mutanen da suka gama nasu wasan sun zagaye teburinmu, zauren ya yi tsit sai ƙarar fanka. Na nemi mafita ta hagu, na nema ta dama, na ba da abin da zan bayar don in sayi lokaci, duk a banza. Sarkina ya yi ta gudu daga gida zuwa gida, agogona ya kusa ƙarewa. Da na ga motsi ɗaya ya rage a rufe shi, sai na sa yatsa na kwantar da shi, na miƙa hannu.

Zauren ya ɗauki tafi, har alƙali ya manta cewa shi ne mai hana hayaniya. Direba yana ihu yana dukan tebur. Mai sayar da magani, wadda ba mu taɓa ganin haƙoranta ba, tana dariya tana share ido da gefen gyale. Ni kuwa haushin cin da aka yi mini da farin ciki suka cakuɗe mini a ƙirji, ban san wanne ya fi yawa ba. Na gode wa Allah da ya sa ni ne a kujerar nan ba wani ba.

Baba bai saki hannuna ba. Ya riƙe shi gam, ya jawo ni har kaina ya kusa taɓa nasa. Ya yi ƙasa da murya yadda babu mai ji sai ni.

Ya ce, "Ɗana, ba na ganin fuskarka sosai, balle in karanta. Faɗa mini tsakaninka da Allah. Sojan nan da ka tura, bar mini ka yi?"

Na ce, "Baba, na rantse da wanda ya halicce ni, da na samu hanya da na yi maka kaca-kaca a gaban 'yarka. Nema na yi na rasa."

Ya auna muryata. Sai na ji riƙon ya sassauta. Ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, hawaye suka gangaro masa, bai ko damu ya share ba.

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Alƙali ya kira na ɗaya, ya kira na biyu, sannan ya kira shi. Baba ya miƙe ya gyara rigarsa, ya juya dama, ya juya hagu, ya tsaya.

Ya ce, "To tashi ka kai ni mana. Ban ga inda suka ajiye teburin ba."